Wata Ukun Pompey da Laifin da Rum Ta Ɓoye

Duk mai ba da labarin yaƙin Pompey, janar ɗin Rum, da 'yan fashin teku a shekara ta 67 kafin haihuwar Annabi Isa, da wata ukun da yaƙin ya ɗauka yake farawa: ya raba Bahar Rum gida 13, ya share yammacinta cikin kwana 40, ya murƙushe jiragensu a Korakesiyon, inda Alanya ta Turkiyya take a yau. Wannan lissafi yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin yana rufa wa Rum asiri, alhali ita ta reni ɓarnar da hannunta.

A yarjejeniyar Afamiya ta shekara ta 188 kafin haihuwar Annabi Isa, Rum ta rage jiragen yaƙin daular Selusiya zuwa goma kacal. Kimanin shekara ashirin bayan haka ta mai da tsibirin Delos tashar da ba a biyan haraji, kuɗin shigar tsibirin Rodes ya karye, ga shi kuwa Rodes ce ke gadin tekun gabas. Da masu gadi suka kau, gaɓar Kilikiya mai duwatsu ta zama maɓoyar 'yan fashi. Abin da ya fi muni shi ne ciniki. Gandayen attajiran Italiya suna buƙatar bayi, 'yan fashi kuma su ke kawowa. Marubuci Strabo ya ce kasuwar Delos tana iya karɓar bayi 10,000 ta sallame su a yini ɗaya. Mai sayen kayan sata ba ya gaggawar kama ɓarawo. Ko kama matashi Yuliyus Kaisar da karɓar fansar talanti 50 bai sa majalisar dattawa ta kawo ƙarshen abin ba. Sai da aka ƙona jirage a Ostiya, a bakin ƙofar Rum, alkama ta yi tsada, talakawa suka harzuƙa, sannan aka zartar da dokar Gabiniyus, wadda ta ba Pompey ikon yaƙar 'yan fashin.

Masu cewa ƙarfin soja ne ya gama komai suna da ɗan abin kafa hujja: marubuci Plutarch ya ambaci jirage 500 da dakarun ƙasa 120,000 da aka amince wa Pompey. Amma an sha tura rundunoni kafin shi, wutar ta sake tashi. Shi da ya kama mutum sama da 20,000, bai gicciye su ba. Ya ba su gonaki a garuruwan da suka zama kufai, irin su Soli da Daime, wasu da dama kuma suka miƙa wuya da jin labarin sassaucinsa.

Kuɗin wannan sakaci jamhuriyar Rum ce ta biya. An damƙa wa mutum ɗaya iko na shekara uku a kan teku duka da mil 50 cikin tudu, duk da gargaɗin ɗan majalisa Katulus. Shekara guda bayan nan aka ƙara masa yaƙi da Sarki Mitridates. Daga nan janar-janar suka gane hanyar tsallake majalisa, Kaisar kuwa ya bi ta har ƙarshe.