Ma'aikatan jinya da yaƙi da ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani

Matar da naƙuda ta yi wa tsanani a garin Utai, cikin ƙaramar hukumar Wudil ta jihar Kano, takan bi hanyar da kowa ya sani. Daga ƙaramin asibitin da ke kusa sai Babban Asibitin Wudil, idan abin ya faskara kuma a wuce da ita birnin Kano, tafiyar kimanin kilomita 40 daga Wudil.

A kowane zango akwai hannayen da za su taɓa ta, da gadon da wata ta tashi a kai, da allura, da robar ƙarin ruwa. Duk abubuwa ne na ceton rai, amma kowanne daga cikinsu ƙofa ce da ƙwayar cuta ke iya bi ta shiga jikinta ko na jaririnta.

A wani rahoto da ta fitar a shekarar 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya, wato WHO, ta ce cikin marasa lafiya 100 da ake kwantarwa a asibitocin ƙasashe masu tasowa, 15 kan kamu da wata cutar da ba da ita suka zo ba. A ƙasashe masu arziki adadin 7 ne. Kimanin ɗaya cikin goma na waɗanda suka kamu ɗin kan rasa ransa.

Abin da ya ƙara wa lamarin muni shi ne, da yawa daga cikin ƙwayoyin da ke zaune a asibiti sun daina jin magungunan da aka saba kashe su da su.

Abin da aka gano a jikin jarirai

Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad da ke Kano na cikin asibitoci 12 da aka gudanar da wani babban bincike mai suna BARNARDS, daga 2015 zuwa 2018, ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Cardiff ta Birtaniya. An bi lafiyar jarirai fiye da dubu 36 a ƙasashe bakwai: Najeriya, Habasha, Ruwanda, Afirka ta Kudu, Pakistan, Indiya da Bangaladash. Manufar ita ce a gano irin ƙwayoyin da ke shiga jinin sabuwar haihuwa, da kuma maganin da ke iya kashe su.

Ƙwayar da ta fi yawa ita ce wadda ake kira Klebsiella, wadda kan zauna a hanjin mutum ba tare da ta cutar da shi ba, amma idan ta samu shiga jinin jariri, musamman bakwaini, tana iya halaka shi cikin 'yan kwanaki.

Magunguna biyu, ampicillin da gentamicin, su ne WHO ta ba da shawarar a fara da su ga jaririn da ake zargin cuta ta shiga jininsa. To sai dai sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa cikin samfura 390 na dangin wannan ƙwaya da aka gwada daga ƙasashen bakwai, kashi 97 cikin ɗari ba sa jin na farko, kashi 70 cikin ɗari kuma ba sa jin na biyu.

Akwai magungunan da suka fi waɗannan ƙarfi, sai dai sun fi tsada nesa ba kusa ba, kuma a Najeriya galibi uban jariri ne ke zuwa ya sayo da kuɗin aljihunsa. Manomin da ya sayar da buhun gero ya kawo matarsa asibiti ba lallai ne ya iya kammala allurar kwana bakwai ba.

Masu binciken sun kuma goga auduga a jikin gadaje, kayan aiki da wuraren wanke hannu na asibitocin, inda suka samu ƙwayoyi masu bijire wa magani, musamman a kusa da magudanar ruwan wurin wanke hannu. Wato wurin da aka tanada domin tsafta shi kansa yana iya zama matattarar cutar.

A duniya baki ɗaya, wani ƙiyasi da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2022 ya ce irin waɗannan ƙwayoyi sun kashe mutane miliyan 1 da dubu 270 kai tsaye a shekarar 2019, kuma yammacin Afirka ne ya fi ko'ina yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Rabon Najeriya a ciki ya kai kimanin mutane dubu 64 da 500.

Yadda ƙwaya ke bijirewa

Duk lokacin da aka sha maganin kashe ƙwayoyin bakteriya, masu rauni ne ke fara mutuwa, masu taurin kai su saura su hayayyafa. Kafson ja-da-yalo da ake saya guda biyu ko uku a kemis saboda ciwon ciki, da allurar da ake ɗirka wa shanu kafin a kai su kasuwa irin ta Wudil mai ci ranar Juma'a, duk suna taimakawa wajen wannan tacewa.

Asibiti kuwa shi ne wurin da aka fi amfani da magungunan, kuma nan ne aka tara masu raunin jiki gado kusa da gado. Shi ya sa masana ke cewa cutar da aka hana yaɗuwa ta fi wadda aka yi wa magani sauƙi ta kowace fuska: ba a kashe kuɗi ba, ba a kuma ba ƙwayar damar koyon kauce wa wani sabon magani ba. WHO ta ce kyakkyawan tsarin kariya na iya rage cututtukan da ake ɗauka a asibiti da kashi 70 cikin ɗari.

A nan ne aikin wani rukuni na ma'aikatan jinya ya shigo.

Aikin da ba a cika gani ba

An fara wannan sana'a ce a Ingila a shekarar 1959, lokacin da wani asibiti a garin Torquay ya ware wata babbar nas mai suna E. M. Cottrell domin ta riƙa bin diddigin wata ƙwaya da ke sa miki ya yi mugunya, wadda ta addabi marasa lafiya da su kansu ma'aikatan. Daga baya wani dogon bincike da aka yi a asibitocin Amurka, aka bayyana sakamakonsa a 1985, ya nuna cewa asibitocin da ke da cikakken tsari, har da ma'aikacin jinya guda da aka keɓe wa kowane gado 250, sun rage irin waɗannan cututtuka da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wannan lissafi na mutum guda ga gado 250 shi ne WHO ke ba ƙasashe shawarar bi.

Mai wannan aiki, mace ko namiji, ba ya da marasa lafiyar da yake raba wa magani. Safiyarsa kan fara ne da zagaya ɗakuna da leƙa ɗakin gwaje-gwaje, yana tambaya: mata nawa ne ɗinkinsu ya ruɓe bayan tiyatar haihuwa a wannan wata, jarirai nawa ne suka yi zazzaɓi bayan kwana uku da kwantar da su, wace ƙwaya aka gani. Idan jarirai huɗu a ɗaki guda suka nuna ƙwaya iri ɗaya cikin mako guda, shi ne zai fara ankara cewa akwai wurin da take fitowa. Daga nan sai bincike: ko robar shaƙar iska ce ake maimaitawa, ko kwalbar ruwan allura guda ce ake zuƙa wa kowa, ko jarirai biyu ake haɗawa a kwalabar ɗumama bakwaini saboda ƙarancinta.

Shi ke duba ko tukunyar turara kayan tiyata na kai zafin da ake buƙata, ko ana zuba allurar da aka yi amfani da ita a akwatinta, ko robar fitsarin da aka saka wa tsoho ta wuce lokacin cirewa. Robar da ta kwana ba tare da buƙata ba hanya ce da aka buɗe wa ƙwaya har cikin mafitsara.

Sai kuma wanke hannu, wanda ya fi komai sauƙin faɗi. Ƙa'idar da WHO ta fitar a 2009 ta ambaci lokuta biyar: kafin taɓa maras lafiya, kafin yi masa aiki mai buƙatar tsafta kamar allura, bayan taɓa jini ko wani ruwan jiki, bayan taɓa shi, da bayan taɓa abin da ke kewaye da shi. Da sabulu ana buƙatar daƙiƙa 40 zuwa 60, da sinadarin goge hannu kuma 20 zuwa 30. Ga nas guda da aka bar wa gadaje 30 da daddare, a ɗakin da famfo bai kawo ruwa ba, lissafin ba ya fita. Don haka rabin aikin jami'in kariya a ofishin shugaban asibiti yake yinsa, yana neman a saka kuɗin ruwa, sabulu da safar hannu cikin kasafi.

Wataƙila abin da ya fi wuya shi ne faɗa wa na gaba gaskiya. Ba ƙaramin abu ba ne ma'aikaciyar jinya ta tsayar da babban likita a bakin gado ta tuna masa bai goge hannu ba. Inda hukumar asibiti ba ta tsaya mata ba, muƙamin kan zama suna kawai.

Akwai kuma 'yan uwa. A ƙasar Hausa ba a barin maras lafiya shi kaɗai: mai zaman jinya na nan da tabarmarta da butarta da kwanukan abinci a ƙarƙashin gado, 'yan dubiya na shigowa rukuni-rukuni, kowa na son ya ɗauki jariri ya sa masa albarka. Su ne ke yi wa maras lafiya wanka da sauya shimfiɗa, aikin da ma'aikata ba za su iya ɗauka ba saboda ƙarancinsu. Jami'in da ya san aikinsa ba ya korarsu, yakan koya musu abin da yake koya wa masu shara da ɗalibai, cikin harshen da suke ji.

Kariya ga su kansu ma'aikatan

Tarihin zazzaɓin Lassa da ma'aikatan jinya ya fara. A watan Janairun 1969, wata nas 'yar mishan mai suna Laura Wine ta kamu da ciwo a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, aka kai ta Jos inda ta rasu. Charlotte Shaw, wadda ta yi jinyarta, ita ma ta kamu ta rasu. Ta ukunsu, Lily Pinneo, an kai ta Amurka ta warke, kuma daga samfuran jinin waɗannan mata aka gano ƙwayar.

Shekaru 51 bayan haka, a watan Janairun 2020, hukumomin jihar Kano sun tabbatar da rasuwar likitoci biyu na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano sakamakon wannan zazzaɓi, bayan an yi wa wata mai juna biyu da aka kawo daga jihar Bauchi tiyata, wadda ita ma ta rasu.

Ƙwayar Lassa bairos ce, ba ta cikin jerin bakteriyar da ke bijire wa magani. Amma shingen da ke tare ta shi ne dai wanda ke tare Klebsiella: a ɗauki jinin kowane maras lafiya a matsayin mai haɗari tun kafin sakamakon gwaji ya fito.

Hanyar shiga sana'ar

Ɗalibi ko ɗaliba daga Utai da ke sha'awar wannan aiki sai ya fara zama cikakken ma'aikacin jinya, ta kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma ta jihar Kano, mai makarantu a wurare kamar Madobi da Ɗambatta, ko ta digirin shekaru biyar a Jami'ar Bayero. Bayan nan sai jarrabawa da lasisin Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya.

Ƙwarewar kariya daga yaɗuwar cuta takan biyo baya ne, bayan mutum ya yi wasu shekaru a ɗakin marasa lafiya ya san yadda aiki ke tafiya da tsakar dare. A 2019 Hukumar Daƙile Yaɗuwar Cututtuka ta Najeriya, wato NCDC, ta ƙaddamar da wani shiri na horar da jami'an kariya a manyan asibitoci da haɗa su cikin tsari guda, kuma Kwalejin Likitanci ta Jami'ar Legas na da cibiyar da ke ba da horo a wannan fanni. Ana buƙatar sanin halayen ƙwayoyin cuta, iya lissafi da rubuta rahoto, da haƙurin koyar da abu guda sau ɗari.

A watan Oktoban 2024 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirinta na biyu na yaƙi da bijirewar ƙwayoyin cuta, wanda zai kai 2028. Wata guda kafin nan, shugabannin duniya sun amince a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya su rage mace-macen da ke da nasaba da matsalar da kashi 10 cikin ɗari kafin 2030.

To amma masu aiwatarwar na raguwa. A farkon 2024 magatakardan majalisar ma'aikatan jinya na lokacin, Faruk Abubakar, ya ce kimanin ma'aikatan jinya dubu 42 ne suka bar Najeriya cikin shekaru uku. Asibitin da ba shi da isassun masu raba magani zai yi wuya ya ware mutum guda ya ce aikinsa kawai shi ne bin sawun ƙwayar cuta.

Ga ƙananan asibitoci irin waɗanda mutanen Utai ke fara zuwa, abin da WHO ta gindaya a 2019 a matsayin mafi ƙarancin sharaɗi bai kai haka nauyi ba: ma'aikaci guda da aka horar, aka kuma rage masa wani ɓangare na aikinsa domin ya kula da wannan, sai jami'i guda a matakin ƙaramar hukuma da zai riƙa zagayawa yana duba su. A irin waɗannan wurare ake yanke cibiyar jarirai da dama, nan ake fara saka robar ƙarin ruwa, kuma nan matar da aka sallamo daga Kano ke komawa a wanke mata ɗinki, tare da duk wata ƙwaya da ta biyo ta daga can.