Abin da ke toshe hanjin 'ya'yan ƙadangarun kiwo

A Amurka da ƙasashen Turai akwai gidajen da ake kiwon ƙadangare a falo, cikin akwatin gilashi, a raɗa masa suna, a kai shi asibiti in ba ya jin daɗi. Wanda ya fi farin jini shi ne ƙadangare mai gemu, ɗan asalin busassun yankunan tsakiyar Ostireliya, wanda masana ke kira Pogona vitticeps. Sai wata tsaka mai ɗige-ɗige irin na damisa, daga Afganistan da Pakistan da arewa maso yammacin Indiya. Galibi 'ya'ya ake saye, kuma a ƙuruciyar nan ne toshewar hanji ta fi kama su.

Ciwon a ɓoye yake shiga. Ɗan ƙadangare mai lafiya kusan kullum yana kashi, baƙi-baƙi da ɗan fari a gefe, wanda shi ne fitsarinsa a daskare. Sai kawai kashin ya ɗauke. Ya daina kai wa gyare cafka, ciki ya kumbura, in an shafa a hankali a ji ƙullutu mai tauri. Idan abin ya yi nisa, za a gan shi yana tafiya da ƙafafun gaba, na baya suna jan ƙasa, domin abin da ya cushe yana danne jijiyoyin da ke kusa da ƙashin baya.

Yashi ake fara zargi, kuma yana da nasa laifin. Shagunan dabbobi suna sayar da yashi mai launi don shimfiɗa a akwatin, har da wanda aka yi da sinadarin kalsiyam ana cewa yana narkewa a ciki. Ɗan ƙadangare bai iya farauta ba tukuna. Ya kai wa ƙwaro hari, harshensa mai danƙo ya kwaso yashi, yashin ya jiƙe ya dunƙule a siririn hanjinsa. Amma danginsa na daji ma suna haɗiyar ƙasa, tana kuma fita. Me ya sa ta na gida take tsayawa?

A ganina babban mai laifi sanyi ne. Duk wanda ya ga ƙadangarenmu da safe a kan katanga, ya baje yana shan hantsi kafin ya fara neman abinci, ya ga yadda abin yake. Jikin ƙadangare ba ya haɗa ɗumin kansa, daga waje yake samu, kuma da ɗumin nan hanji ke motsi. Ɗan ƙadangare mai gemu yana bukatar wurin shan zafi da ya kai digiri 38 zuwa 42 a ma'aunin salshiyos, da wani gefe mai sauƙin zafi da zai koma in ya ƙoshi. Idan fitilar da ke ɗumama akwatin ta yi rauni, abinci sai ya kwanta a ciki, ya bushe, ya yi tauri, balle in ga ƙishirwa.

Akwai kuma ƙarancin kalsiyam. Gyare da tsutsa suna da fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan, alhali ƙadangare mai tasowa yana son kalsiyam ya ninka fosfaras kamar sau biyu. Shi ya sa ake barbaɗa wa ƙwarin garin kalsiyam. Ko an barbaɗa, jiki ba ya ɗauka sai da bitamin D3, wanda fata ke haɗawa da taimakon wani haske da ake kira UVB. Hasken nan ba ya ratsa gilashin taga, fitilarsa kuma takan rage ƙarfi cikin wata shida zuwa shekara ko da tana ci gaba da haske. Ƙadangaren da ya rasa kalsiyam yakan shiga lasar ƙasa da gangan, ga tsokar hanjinsa ta riga ta yi laushi.

Girman loma ma abin lura ne. Masu kiwo suna auna ƙwaro da tazarar da ke tsakanin idanun ƙadangaren. In ya fi ta, ya yi masa yawa. Tsutsar gari, wadda ta fi sauƙin samu a shago, fatarta na da tauri, ba ta dace da jarirai ba. Ganye kuma a yanka shi ƙanana.

Idan kashi ya tsaya, a fara auna zafin akwatin, a kwashe yashin a shimfiɗa takarda, a zaunar da ƙadangaren cikin ruwa mai ɗumi da bai wuce kafaɗarsa ba na kamar minti 15, ana shafa cikin a hankali. Ɗura masa mai da ƙarfi haɗari ne, yana iya shaƙewa man ya shiga huhu. Abin da ya fi damuna shi ne masu jinkiri mako guda suna ta wanka, don dabbar ba ta kuka. Da zarar ya ƙi abinci kwanaki, ko ƙafar baya ta fara ja, sai wurin likitan dabbobi, ya ɗauki hoton ciki, ya ƙara masa ruwa, ya yi masa wankin hanji, in abin da ya cushe ya ƙi fita a yi tiyata.