Tambayoyin Intanet Masu Haɗa Ka da Ɗan Takara

Ya kai mai shirin kaɗa ƙuri'arsa ta farko, wataƙila ka ci karo da shafukan intanet masu yi maka tambayoyi kan haraji, tsaro ko ilimi, sannan su nuna maka ɗan takarar da ra'ayinku ya fi zuwa ɗaya. An fara wannan dabara a ƙasar Holan da StemWijzer a 1989, Jamus kuma ta fito da Wahl-O-Mat a 2002.

Ana jera amsoshinka ne kusa da matsayin da jam'iyyu suka bayyana, a ƙirga inda kuka dace. Alkawari ke nan ake aunawa, ban da riƙon amanar mutum da ayyukansa na baya. Wanda ya tsara tambayoyin ma yana iya karkatar da sakamakon. Saboda haka ka binciki mai shafin, ka karanta manufofin jam'iyyu da kanka, kada kuma ka bayar da lambar katin zaɓenka.

A takardar ƙuri'a alamar jam'iyya za ka tarar, babu sunan ɗan takara, don haka ka san ta tun daga gida. A wurin dangwalawa kai kaɗai ne, ƙuri'arka kuma sirrinka ce.