Gidan Mai Mulki: Ginshiƙin Turawa da Bakan Gizon Hausawa

Wanda ya ziyarci tsohon gidan Gwamnan Ingilishi a Kalkata ta ƙasar Indiya, wanda aka gama a 1803, abin da zai fara tare masa ido shi ne dogayen ginshiƙai a jere bisa matakala mai faɗi, suna ɗauke da goshin gini mai kusurwa uku. Hagu da dama daidai wa daida, har in aka tsaga gidan biyu ba a bambanta ɓarin nan da wancan. Wannan fasali ba na Ingila ba ne asalinsa. Na Girkawa ne da Rumawan dā, Turawa suka farfaɗo da shi a ƙarni na 18, musamman bayan da aka fara tone biranen Hakulaniyam a 1738 da Fomfe a 1748, waɗanda aman dutse ya binne a Italiya. Kansa aka gina fadar Shugaban Amurka, wadda aka aza harsashinta a 1792. A Nijeriya ma akwai shi, gama ɗakin taro na Mapo da ke bisa tudu a Badun, wanda aka buɗe a 1929, da irin ginshiƙan nan yake tsaye.

To, me ya sa Turawan da suka ci ƙasar Hausa ba su cika ta da irin wannan gini ba?

Dalili na farko a fili yake. Gwamna Lugga bai zauna wuri guda ba. A Lakwaja ya kafa tuta ran 1 ga Janairu 1900, ya koma Jabba, sa'an nan Zungeru a 1902, daga baya hedkwata ta tashi zuwa Kaduna a 1917. Mai ƙaura ba ya sassaƙa dutse. Ga shi kuwa jirgin ƙasa bai iso Kano ba sai 1911, siminti da ƙarfe sai an ɗauko su a ka. Abin da ya rage a Zungeru yanzu kango ne, ita ma gadar ƙarfen da Lugga ya kafa can an ciro ta an kai Kaduna.

Amma a ganina dalili na biyu ya fi nauyi. Ginshiƙan nan magana suke yi. Suna ce wa mai wucewa, tun daga nesa, ga inda iko yake. Su kuwa Ingilishi a Arewa ta hannun sarakuna suka zaɓi su yi mulki, Razdan yana bayan fage, Sarki yana gaba. Wanda ya ɓoye hannunsa cikin rigar wani ba zai so ya gina gidan da zai tona shi ba. Sai can wajen ƙarshen zamaninsu, da aka kafa majalisu, aka ta da babban zauren Lugga mai ƙubba a Kaduna.

Saboda haka malamin da ke Kankiya ko Kusada, in yana so ya nuna wa ɗalibansa mazaunin Turawan farko, hanyar Kano da Katsina ta ishe shi. A Nasarawa ta Kano ga Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, shi da ya buɗe makarantar boko a unguwar a 1909. A Katsina ga tsohuwar Kwaleji, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu. Duka biyu na ƙasa ne, maginan gari suka ɗora su da tubali da azara.

A nan ne ya kamata a tsaya a duba sosai. Bagirke ya aza dogon dutse bisa ginshiƙai biyu, don haka faɗin ɗakinsa bai wuce ƙarfin dutsen ba, sai ya yawaita ginshiƙai. Maginin Hausa shi ma ya gamu da wannan matsala, domin azara, watau tsagin giginya, ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa in tazara ta wuce wajen ƙafa 6. Shi sai ya bi wata hanya. Ya riƙa dasa azara cikin bango, yana ɗaura wata bisa wata, kowace tana ɗan leƙowa gaba da ta ƙarƙashinta, har na hagu da na dama su haɗu a sama, a lulluɓe da ƙasa. Shi ne bakan gizo. In bakuna suka gicciye juna sai a sami ɗaurin guga, ɗaki ya buɗe ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Ƙarshen gwanintar nan yana masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a zamanin Sarki Abdulkarimu.

Bature ya kai adonsa goshin gida, inda kowa zai gani. Bahaushe mai sarauta ya kewaye nasa da katanga, ya bar wa na waje zanko da ƙofar zaure, mafi kyawun aikin kuwa sai wanda aka yi wa iso ya ɗaga kai zai gan shi. Ɗalibi yana iya gwada wannan a zauren hakimin garinsu, in tsohon ginin bai riga ya koma bulo da kwano ba.

Matsalar ita ce dutse yana jure sakaci, ƙasa ba ta jurewa. Soro yana bukatar yaɓe da makuba kafin damina, da gyaran indararo. In aka shafe shi da siminti don a huta, danshi yakan maƙale a ciki ya ci bangon ta baya. Masu sanin ɗaurin bakan gizo kuwa sun yi ƙaranci ƙwarai, kuma ba a koyon aikin sai a gindin bango, tare da mai yinsa.