Tsohuwar Mota Mai Jan Ƙafa Huɗu: Suna Ko Lafiya?

Idan damina ta kankama, hanyoyin karkara suka cika da taɓo, motar da ke jan ƙafafunta huɗu ita ce kan kai mara lafiya asibiti, ta fito da amfanin gona kasuwa. Sabuwarta ta fi ƙarfin aljihun yawancin mutane, saboda haka sai a nufi ta hannu. A nan ne fargaba kan taso: shin ba za ta mutu a tsakiyar daji ba? Masana aikin injiniya suna da hanyar auna wannan fargaba.

Abin da lissafi ya nuna

Mota kamar sarƙa take, in zobe ɗaya ya tsinke duka ta tsaya. A ɗauka mota tana da muhimman sassa 20, kowanne yana da tabbacin kashi 99 cikin 100 na kammala wata doguwar tafiya lafiya. Idan aka ninka 0.99 da kansa har sau 20, tabbacin motar gaba ɗaya zai sauko zuwa kimanin kashi 82. In sassan sun kai 30, sai ya koma kashi 74. Ɗalibi na iya gwada wannan a kalkuleta.

Mai jan ƙafa huɗu kuwa ta fi sauran motoci tarkace. Tana da akwatin da ke raba ƙarfin inji tsakanin gaba da baya, da furofela biyu, da rukunin haƙoran da ke juya tayoyi a gaba da kuma a baya. Kowane ƙari wata ƙofa ce ta lalacewa. Bugu da ƙari, na'ura ta fi yawan ɓaci a farkon rayuwarta da kuma lokacin tsufa, sa'ad da ƙarafa suka cinye. Mai sayen ta hannu yana bukatar sanin inda tasa ta kai a wannan tafiya.

Suna ba shaida ba ne

Land Rover ta fito a Ingila a 1948, da jikin alminiyam wanda ba ya tsatsa, amma ƙashin da ke ɗauke da jikin ƙarfe ne, kuma yana ruɓewa. Toyota ta fitar da Land Cruiser samfurin 70 a 1984, sannan a 1990 ta ƙera injin dizal 1HZ mai lita 4.2, wanda ya yi suna wajen juriya da sauƙin gyara. Sai dai suna yana bayyana halin dubban motoci ne a dunƙule, ba halin wadda ke gaban mai saye ba. Land Cruiser da aka hana wa baƙin mai ba ta kai Land Rover da aka kula da ita ba.

Gani ya kori ji

Kamata ya yi a je da makanike, a tayar da injin da sanyinsa. Shuɗin hayaƙi alama ce ta ƙona baƙin mai. Man da ya yi kama da madara yana nuna ruwa ya shige shi, ko a inji, ko a haƙoran tayoyi bayan ƙetare rafi. A leƙa ƙarƙashi da tocila, domin a ƙasashen Turai ana barbaɗa gishiri a titi lokacin hunturu, gishiri kuwa yana hanzarta tsatsa. A sa giyar jan ƙafa huɗu a kan ƙasa ko rairayi. A irin motocin da ake ɗaure gaba da baya wuri guda, tuƙi a haka bisa kwalta yana matse furofela da haƙora, domin a kwana tayoyin gaba sun fi na baya cin nisa.

Tambaya ta biyu

Ba yawan lalacewa kaɗai ake aunawa ba, har da tsawon lokacin gyara. Motar da kan ɓaci sau uku a shekara, a gyara ta kowane karo cikin yini guda, ta yi asarar kwana uku. Wadda ta ɓaci sau ɗaya, ta yi wata biyu tana jiran kaya daga ƙasar waje, ta yi asarar kwana 60. Don haka mai saye ya fara bincika ko akwai kayan gyaranta da makaniken da ya santa a kusa, ya kuma ware kuɗin gyaran farko. Hausawa sun ce sayen nagari, mai da kuɗi gida.