Tiyatar ƙarin fituwitari ta hanci: kyamara ce ta yi aikin, ko masu riƙe da ita?

A shekarar 2019 aka fitar da sakamakon wani bincike mai suna TRANSSPHER, wanda cibiyoyin tiyata da dama na Amurka suka haɗa hannu a kai. An kwatanta masu ƙari a fituwitari da aka yi wa aiki da madubin tiyata mai ƙara girman abu, da waɗanda aka zura wa siririn bututu mai kyamara da fitila, wato endoskof. Wajen kwashe ƙarin kaf, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. Duk da haka, tallan asibitoci har yau cewa yake yi ba yanka, ba tabo, kwana biyu ka koma gida, kamar dai na'urar ce ke warkar da mutum. Komawar da likitoci suka yi ga endoskof daidai ce, kuma ina goyon bayanta. Abin da ke damuna shi ne ana yabon ƙarfe ana mantawa da hannun da ke riƙe da shi, kuma majiyyaci ne ke ɗanɗana kuɗar wannan mantuwa.

Bin hanci zuwa fituwitari tsohuwar hanya ce. Wannan 'yar tsoka mai nauyin kusan rabin giram tana zaune a wani ɗan gurbi na ƙashi a gindin ƙwaƙwalwa, daf da bayan kogon ƙashin da ke can ƙuryar hanci. A 1907 Hermann Schloffer ya bi ta hanci ya kai gare ta a Innsbruck, a 1910 kuma Oskar Hirsch ya yi haka a Biyana ta cikin ƙofar hancin kanta. Harvey Cushing ya yi ɗaruruwan irin wannan aiki ta ƙarƙashin leɓen sama, amma zuwa ƙarshen shekarun 1920 ya watsar, ya koma buɗe ƙoƙon kai. Ɗalibinsa Norman Dott ne ya riƙe hanyar a Edinbara, Gerard Guiot ya ɗauke ta zuwa Faris, sai Jules Hardy ya shigo da madubin tiyata a Montreal cikin shekarun 1960. Ke nan likitoci sun shafe shekaru suna cire wannan ƙari ba tare da tsaga kai ba, tun kafin kyamara ta shigo.

Abin da endoskof ya canza shi ne wurin da idon likita yake. Mai aiki da madubi tamkar wanda ya tsaya a bakin rijiya ne yana haska tocila, abin da ke saitinsa kawai yake gani. Endoskof kuwa yakan sauka da fitilar har ƙasa, kuma idan aka sa mai karkataccen gilashi, a ga abin da ya ɓuya a lungu. Roger Jankowski da abokan aikinsa a Nansi ta Faransa sun ba da rahoton majiyyata uku a 1992. A 1997 Hae-Dong Jho da Ricardo Carrau na Pittsburgh suka fitar da na mutum 50, daga nan cibiyoyi irin ta Napoli suka ɗauka.

Sunayen nan biyu na Pittsburgh sun fi kome muhimmanci a labarin. Jho likitan ƙwaƙwalwa ne, Carrau kuwa likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Likitocin hanci sun riga sun ƙware da endoskof wajen aikin kogunan hanci, na ƙwaƙwalwa kuma su suka san ƙarin da abin da ke kewaye da shi. Haɗuwarsu a kan gadon tiyata ɗaya ita ce ainihin abin da ya ɗaga wannan aiki. A ɗakin da aka saba, mutum biyu ne ke tsaye a kan majiyyaci, hannu huɗu na shiga ta ƙofofin hanci biyu. Ɗaya na riƙe da kyamara, yana matsawa gaba, yana ja baya, yana wanke gilashin duk lokacin da jini ya shafe shi. Ɗayan na riƙe da bututun zuƙo a hannu guda, ɗan ƙarfen kankaro ƙari a ɗaya hannun. Idanunsu duka na kan allo, kuma mai kyamara ya san inda abokinsa zai nufa kafin ya furta. Irin wannan fahimtar juna ba ta zuwa cikin kwali tare da na'ura, sai an yi shekaru ana aiki tare.

Daga wannan haɗin gwiwa ne kuma aka samo maganin babbar matsalar aikin. Ƙwaƙwalwa na kwance cikin wani ruwa garai-garai, kuma idan aka huda shimfiɗar da ke tare shi, sai ya riƙa ɗigowa ta hanci. Ƙofar da ruwa ya fita, ta nan ƙwayar cuta ke shiga, sai sanƙarau. A ayyukan da aka faɗaɗa buɗewa sosai, wannan yoyo ya taɓa shafar fiye da kashi 20 cikin 100 na majiyyata. A 2006 aka bayyana dabarar Gustavo Hadad da Luis Bassagasteguy na Rosariyo a Ajantina: a ɓanɓaro fatar bangon da ya raba ƙofofin hanci, a bar gindinta manne da jijiyar jinin da ke ciyar da ita, a juya ta a lulluɓe ramin. Faci ne mai rai, yana kamawa ya warke. A manyan cibiyoyi yoyon ya sauko zuwa wajen kashi 5. Da ba a iya rufe ƙofar ba, da iya buɗe ta bai kai ko'ina ba.

Masu riƙo da madubi suna da tasu hujja. Sukan ce madubi na nuna zurfi da idanu biyu, yayin da allon endoskof na yau da kullum shafaffe ne, kuma gwani da ya yi shekara ashirin da madubi ba shi da dalilin komawa ɗan koyo a kan majiyyatansa. Gaskiya ne. Sai dai a binciken na 2019, masu madubin sun fi masu endoskof daɗewa a aikin, amma duk da haka aka tashi kunnen doki, kuma waɗanda aka yi wa da endoskof sun fi tsira daga sabon ƙarancin sinadaran homon na fituwitari bayan aiki. Ga matashin da zai fara koyo yau, zaɓin a fili yake.

Illar ta fito ne daga sunan da aka laƙaba wa aikin, wai ƙaramar tiyata. Ƙofar ce ƙarama. A ciki, manyan jijiyoyin jini biyu masu kai jini ƙwaƙwalwa suna dama da hagu da gurbin, mahaɗar jijiyoyin gani kuma tana bisansa, tazarar 'yan milimita. Da na'urar ta yaɗu, sai asibitin da ke ganin irin wannan ƙari jefi-jefi ma ya saya ya rataya allo. Tun a 2003 binciken Fred Barker da abokansa kan asibitocin Amurka ya nuna cewa inda ake yawan yin aikin, mutuwa da tangarɗa sun fi ƙaranci. Sauƙin da ake zuzutawa kan sa a manta cewa ba kowane ƙari ke son wuƙa ba. Wanda ya fi yawa shi ne mai zubo sinadarin furolaktin, wanda ke tsayar wa mace al'ada ya kawo mata ruwan nono ba goyo, kuma galibi ƙwayar cabergoline ko bromocriptine ke sa shi ya motse. Gwajin jini ɗaya kafin a sa ranar aiki na iya raba mace da ɗakin tiyata.

Wannan ya shafi mutanenmu da ke tara kuɗi su tafi Indiya ko Masar neman wannan aiki. Da yawa sukan isa ne bayan ƙarin ya girma, gani ta gefe ya riga ya dushe har mutum na karo da ƙyaure, kuma jijiyar da ta daɗe a danne ba lallai ta farfaɗo ba ko an cire ƙarin. Ga kuma abin da ke biyo bayan sallama. Wasu kan kamu da fitsari barkatai da ƙishirwa marar yankewa a kwanakin farko. Wasu kuma, wajen mako guda bayan aiki, gishirin jininsu ke faɗuwa, sai ciwon kai, tashin zuciya da ruɗewa, wani lokaci har jijjiga, kuma hakan na kan gaba cikin dalilan da ke mayar da majiyyaci gadon asibiti. Wanda aka sallama ran kwana uku ya hau jirgi, yana iya gamuwa da wannan a Kano ko Maraɗi, nesa da likitan da ya yi masa aiki. Kafin a yanki tikiti, iyali su tambayi sau nawa tawagar ke yin aikin a shekara, ko likitan hanci na cikinta, da kuma wane likitan homon ne zai auna masa gishirin jini da sinadarin kotizol idan ya dawo gida.