Ko Kun Sani?

Ana buga ƙwallon ƙafa a kan keken guragu mai batir. 'Yan wasa huɗu-huɗu ne, kuma Amurka ce ta lashe kofin duniya na farko a Japan a 2007. Amma keken tsada gare shi.

Mu a nan, Misbahu Lawan Didi, ɗan Kano, ya ƙirƙiro Para-soccer a 1988. Ɗan wasa na zaune kan katako mai tayoyi, da hannu yake turawa, da hannu yake buga ƙwallo. Jihohi kan fafata a Abuja albarkacin Ranar Shan-inna ta Duniya, 24 ga Oktoba.

A Jos kuwa, cibiyar Beautiful Gate ta Ayuba Gufwan na ƙera kekunan hannu, tana raba wa guragu kyauta.